Da Hannuna Na Buɗe Wa Ɓarawo Ƙofa

 Na jima ina son in ba ku wannan labari amma kunya tana hana ni, don ba abin alfahari ba ne yarinya ta fito ta ce ita ce ta jawo wa gidansu asara. To amma Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, in dai kukan da na sha zai hana wata shan irinsa, ai kunyar tawa ta yi rana.

Abin ya faru ne a ƙarshen shekarar 2021, na gama jarrabawar fita sakandare ina zaman jiran sakamako, ba aikin fari bare na baƙi, daga shara da wanke-wanke sai Islamiyya da yamma. A gidanmu akwai wata laftof ta hannu da Baba, Allah ya jiƙansa, ya saya wa Yaya lokacin da ya shiga jami'a. Da sunan Yaya aka saye ta, amma ta zama ta gida. A cikinta yake rubuta furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe, har ya kai babi na huɗu. A cikinta yake rubuta wa Umma lissafin atamfofin da take bayarwa bashi, da na adashin da take riƙe wa matan unguwa. A cikinta kuma hotunan bikin Anti suke, wanda aka yi a Disambar 2019, sun fi ɗari biyar.

Sannan akwai abin da ya fi duk waɗannan. Daren da za a kai Anti ɗakinta, Baba ya zaunar da ita a falo yana yi mata nasiha, Yaya kuwa ya laɓe a bakin ƙofa ya ɗauka da wayarsa. Minti bakwai ne kacal. Baba yana magana yana gyara zaman hularsa, can wajen ƙarshe muryarsa ta yi rawa, sai ya yi tari don kada mu gane. Wata huɗu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Ita kuwa wayar tuni aka fizge ta a hannun Yaya a cikin Adaidaita Sahu, saboda haka wuri biyu bidiyon nan ya rage a duniya, cikin kwamfutar da cikin wani baƙin filashi da Yaya yake ajiyewa a aljihun jakarta. Duk Juma'a bayan la'asar Umma takan ce da ni, "Ke, kunno min babanku." Ta zauna ta kalla, ta yi masa addu'a, ta share ido da gefen mayafi ta tashi.

Wata Laraba Yaya ya tafi Zariya neman wasu littattafai, zai kwana biyu. Har ya kai soro ya dawo ya ce min, "Ki yi karatunki a ciki in kina so, amma kada ki kuskura ki sauke min komai daga intanet." Na ce, "To Yaya, Allah ya kiyaye hanya." A raina kuwa wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa nake ta saƙawa, wanda ƙawayena suka ishe ni da labarinsa a Islamiyya. Wallahi akwai mai tura fim a bakin layinmu, naira 50 zan ba Auta ya je ya turo min. Amma sai zuciya ta ce min, me zai sa ki ba da kuɗi ga shi can kyauta? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na haɗa kwamfutar da datar wayar Umma, na rubuta sunan fim ɗin, na shiga wani shafi da ya ce yana da shi. Tabɗi! Maballin Download har guda huɗu, kore da ja da shuɗi, kowanne yana ƙyafta ido. Na danna wanda ya fi girma, sai wani shafi ya buɗe, na rufe shi wani ya sake buɗewa. Wani ɗan akwati ya fito a sama yana cewa in danna Allow, na danna. Can dai wani fayil ya sauko mai sunan fim ɗin, cikin abin da bai fi sakan goma ba. Da ina da hankali a lokacin, ai da na tambayi kaina yadda fim na awa uku zai sauko kafin in gama hamma. Sai ma murna na yi wai yau sabis yana da ƙarfi.

Ina danna fayil ɗin sai maigadin kwamfutar, wato Windows Defender, ya fito da gargaɗi cewa ya kama wani abu mai cutarwa ya tsare shi. A nan ne Allah ya ba ni dama ta ƙarshe, na sa ƙafa na shure ta. Domin a shafin can an rubuta cewa wai in anti-bairos ya hana, ƙarya yake yi, a kashe shi na ɗan lokaci, har da hotunan yadda ake kashewa ɗaya bayan ɗaya. Na bi su tiryan-tiryan kamar mai bin littafin girki. Na sake sauke fayil ɗin na danna, kwamfuta ta tambaye ni ko na yarda wannan abu ya yi canji a cikinta, na danna Yes. Fim dai bai fito ba. Sai wani allo mai kama da na Windows ya bayyana, wai ana sabunta kwamfuta kada a kashe. Na yi tsaki na bar ta a kunne, na tafi na yi sallar magariba na tuƙa tuwo.

Bayan isha na dawo. Ina buɗe foldar bikin Anti sai gabana ya yanke ya faɗi. Hotunan nan duk sun koma kamar fararen takardu, kowanne an liƙa masa wasu baƙaƙe huɗu marasa ma'ana a ƙarshen sunansa. Na danna wannan bai buɗe ba, na danna wancan haka. Furojet ɗin Yaya, lissafin Umma, bidiyon Baba, duk labarin ɗaya ne. Sai wata 'yar takarda mai suna _readme.txt ita kaɗai ta buɗe. Da ɗan Turancina na karanta, wai kada in damu, an kulle kayana ne kuma mabuɗin yana hannunsu, in biya dala 980, amma in na tuntuɓe su cikin awa 72 za su yi min rangwame in biya dala 490. A canjin wancan lokacin ko rabin ma ya haura naira dubu 200. Ni da na ƙi ba da naira 50! Na ɗora hannu a ka na ce na shiga uku.

Kash, da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na tuna da baƙin filashin nan, na ce bari in duba ko bidiyon Baba yana nan, in ya so hankalina ya ɗan kwanta. Hannuna yana rawa na soka shi. Yana nan kuwa lafiya lau, har na ga fuskar Baba a ɗan hoton da ke kan fayil ɗin, na yi ajiyar zuciya. Na bar shi a jiki ina ta kokawa da sauran fayilolin. Da na waiwayo bayan 'yan mintuna, shi ma ya koma farar takarda.

Na rufe kwamfutar na mayar da ita jaka na kwanta, barci dai ko ɓarawo ne bai iya sace ni ba a daren nan. Ranar Alhamis ban gaya wa kowa ba, Umma tana tambayata ko ba ni da lafiya ina cewa ciwon kai ne. Da yamma sai ga kiran wata ƙawata a wayar Umma, tana cewa, "Ke wai wane asibitin aka kwantar da Ummanku? Na ga saƙonki a Facebook kina neman dubu biyar." Na ce wane saƙo? Ashe an shiga shafina ana bin mutanena ɗaya bayan ɗaya da sunana ana roƙo. Har ɗan Kawu da ake maganar aurenmu a lokacin, bai tsaya tambaya ba ya tura musu dubu biyar ɗin. Ki duba wannan zubar da mutunci, budurwa tana roƙon saurayi kuɗi da ƙaryar ciwon mahaifiyarta.

Ranar Juma'a da hantsi Yaya ya dawo, bai buɗe kwamfutar ba ya wuce masallaci. Bayan la'asar Umma ta shimfiɗa dardumarta ta ce, "Ke, kunno min babanku." Sai kawai na durƙusa a gabanta na fashe da kuka, na zayyane musu komai. Yaya ya buɗe kwamfutar ya duba, ya duba filashin, idonsa ya kaɗa ya yi jajir, ko uffan bai ce min ba. Wallahi da duka ya yi min da ya fi min sauƙi. Umma ta yi shiru can ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɓarnar ba ta ba ni haushi kamar ɓoyewar ba. Kwana biyu kina kallona kina cewa ciwon kai?"

Washegari Yaya ya ce in saka hijabi, tare za mu je wurin mai gyara in ji da kunnena. Wani dattijo ne a wani ɗan shago a kasuwar Farm Centre, da tabarau a kan karan hanci. Yana ganin takardar nan ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai tsohon baƙona ne. STOP ake ce masa, wasu su ce Djvu, tun wajen 2018 yake addabar kwamfutocin gida. Garkuwa yake yi da kayan mutum ya nemi kuɗin fansa, kuma babbar hanyarsa ita ce shafukan da ake sauke kayan sata a kyauta." Ya dube ni ya ce, "'Yata, ba fim kika sauke ba. Manhaja ce aka sa mata sunan fim." Ya nuna min yadda Windows take ɓoye wutsiyar sunan fayil in ba an ce ta nuna ba. Da ya kunna nunawar sai ga sunan abin nawa ya ƙare da .exe, alhali fim da .mp4 ko .mkv yake ƙarewa. Allon sabuntawar da na gani ma, ya ce, na bogi ne, an sa shi ne don in zauna in jira a gama yi min sata.

Yaya ya ce, "Baba, babu yadda za a yi a buɗe?" Dattijon ya yi bayanin cewa in cutar ta shiga takan fara tuntuɓar iyayen gidanta ta intanet, su ba ta mabuɗi na musamman wanda babu mai irinsa sai su. In kuwa ba ta sami intanet ba, sai ta yi amfani da wani mabuɗi na gama-gari da take ɗauke da shi, wanda wani lokaci masana sukan same shi su raba wa jama'a kyauta. Ya ce akwai wani shafi mai suna No More Ransom da 'yan sandan Turai da na ƙasar Holan suka buɗe tare da kamfanonin tsaron kwamfuta a 2016, kuma a 2019 kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar buɗe wasu nau'o'in wannan cuta. Ya gwada a gabanmu, manhajar ta ce namu mabuɗin na musamman ne. Datar da na bari a kunne na tafi tuƙin tuwo, ita ta ba su wannan dama.

Umma ta riga ta ce in ta kama za ta sayar da ɗankunnenta na gwal. Dattijon ya ce, "Ku gaya wa Hajiya kada ta soma. Wa zai tsaya mata shaida a kan alƙawarin ɓarawo? Za ta iya biya su yi shiru, in ma sun ba da mabuɗin to da kuɗinta za su cuci na gaba." Ya kuma ce irin wannan cuta ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, takan taho da 'yar rakiya mai kwashe duk kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza. Nan na gane yadda aka yi da Facebook ɗina.

Yana duba kwamfutar sai ya ga Yaya ya dakatar da sabunta Windows don tattalin data. Ya ce, "Kai ma da naka laifin, ɗana. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga." Ya ba mu labarin WannaCry, wadda a watan Mayun 2017 ta kama kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da abin toshe kafar, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha kashi. Ya dube ni kuma yana murmushi ya ce ba a kaina farau ba, a watan Mayun 2000 wata cuta ta fito daga ƙasar Filifin a cikin saƙon imel mai taken ILOVEYOU, wai wasiƙar soyayya ce, miliyoyin mutane har da manyan ma'aikata suka yi ta buɗewa don son ganin mai son nasu. Ya ce, "Tun ran gini tun ran zane, da abin da zuciya take so ake kama mutum."

Ya kwashe kulallun fayilolin ya ajiye a gefe ko Allah zai sa wata rana mabuɗin ya fito, sannan ya wanke kwamfutar tas ya sake ɗora mata Windows. Furojet ɗin Yaya babi uku aka samu a imel ɗin da ya taɓa tura wa malaminsa, na huɗu kuwa sai da ya sake shi daga farko, ni ce na riƙa buga masa har ƙarfe ɗayan dare na tsawon sati uku. Lissafin Umma sai gida-gida muka bi, masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya, wasu kuwa suka ce ai sun gama biya. Hotunan biki ɗan abin da muka tsinta a wayoyin dangi bai kai hamsin ba.

Saura bidiyon Baba. Dattijon ya ce wannan cutar don sauri ba ta kulle babban fayil gaba ɗayansa, farkonsa kawai take lalatawa, saboda haka in za a sami wani bidiyo lafiyayye da aka ɗauka da waccan wayar zai gwada ɗinke shi, amma bai yi alƙawari ba. Muka birkice ɗakin Yaya har Allah ya sa muka sami wani tsohon memori da ya taɓa sawa a wayar, da ɗan bidiyon Auta yana buga ƙwallo. Bayan kwana tara ya kira mu. Farkon hoton ya dagule, bisimillar Baba ta yanke a tsakiya, amma daga nan sai ga shi tar yana gyara hularsa. Umma ta kalla har ƙarshe, ta jawo ni jikinta, ranar ce ta fara yi min dariya tun da abin ya faru. Mai gyaran ya ce mu gode wa Allah, mutane da yawa ba sa samun ko wannan.

To 'yar uwa, ga abin da na koya da hawayena, ke ki karɓa a kyauta, wannan kyautar dai babu ƙugiya a cikinta. Duk shafin da ya ce ki kashe anti-bairos, rufe shi ki gudu, ba baƙon kirki da zai ce sai an ɗaure kare an sallami maigadi zai shigo. Maigadin da ke zuwa tare da Windows 10 da 11 yana aiki sosai in kin bar shi a kunne yana sabuntawa. Ki sa a nuna miki wutsiyar sunan fayil, in kin ga fim ko waƙa ko littafin soyayya ya ƙare da .exe, goge shi. Manhaja kuwa daga shafin masu ita ake saukewa. In wani shafi ya yi ta ihu wai kwamfutarki ta kamu ki danna nan a wanke ta, ƙarya ne, dannawar ce kamuwar. Kada ki riƙa danna Allow barkatai, nan ne tallace-tallacen batsa da na damfara suke samun hanyar faɗo miki a gaban iyayenki.

Kada ki ji ƙyashin datar sabuntawa. Ki kuma duba wace Windows ce a kwamfutarku, don Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin lokaci. In kwamfutar ta gida ce, a buɗe wa ƙanne nasu ɓangaren wanda ba shi da ikon ɗora manhaja sai da kalmar sirrin babba. Da Yaya ya yi min haka, da Yes ɗin nan tawa ba ta yi aiki ba. Facebook da WhatsApp da imel, ki sa musu tabbaci mai mataki biyu, kuma kada kalmar sirri ɗaya ta zama mabuɗin duk ɗakunanki. Filashin da ya je biznes santa ko ya zaga hannun ƙawaye, a bincike shi kafin a buɗe.

Abin da kike ji da shi kuwa, ki ajiye shi wuri uku: a kwamfuta, a filashin da ba ya kwana a jikinta, da kuma can a intanet, Google ma yana ba da gigabait 15 kyauta. In kuma tsautsayi ya faɗa miki, abu na farko ki katse intanet, kada ki soka filashi ko waya, ki kashe kwamfutar, sannan ki tashi a lokacin ki gaya wa babba. Kalmomin sirri kuma a canza su ta wata na'urar daban. Faɗan minti goma ba ya kisa, ni tsoronsa ne ya sa na yi gaban kaina har na ci filashin Baba.

Yau bidiyon nan yana wuri biyar, har da gidan Anti da nawa, don ɗan Kawun nan dai shi ne maigidana yanzu, kuma har gobe in ya so tsokana sai ya ce in biya shi dubu biyar ɗinsa. Duk Juma'ar da na je gida Umma tana cewa in kunno mata Baba, in na ji bisimillar nan ta yanke sai in sunkuyar da kai. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya tsare mu da sharrin son banza, amin.

Taku a kullum,
wata 'yar uwarku daga Kano.